Ɗana, In Rawar Za Ka Koya, Kada Ka Koye Ta a Ɓoye

Ɗana, na ji kana son shiga ajin koyon rawar zamani, irin wadda ake yi da kiɗan hip-hop, ta karya jiki da juyi a ƙasa. Zauna mu yi magana. Ba zan ɗaga maka murya ba, domin na sani in na ce kul, ba bari za ka yi ba, ɓuya za ka yi. A duk wannan harka kuwa babu abin da yake ba ni tsoro kamar ɓuyar.

Dubi yadda yawancin samarin Dutse suke koyonta. Bayan la'asar sai ka ga su huɗu ko biyar sun faɗa wani kango a bayan unguwa, ko wani ajin firamare da aka tashi aka bari a buɗe. An jingine waya a jikin bulo, an kunna bidiyon wani yaro na Legas ko na Amurka, ana tsayarwa ana maimaitawa. Daɓen siminti ne zalla, wani wurin ma da tsakuwa. Babu babba ko ɗaya. Wanda ya fi kowa ƙarfin hali shi ne malami, ko da watansa uku ke nan da farawa. In wani ya faɗi ya bugu sai a bushe da dariya, ya tashi yana ɗingishi, in ya je gida ya ce a wajen ƙwallo ya ji ciwo. Ƙaryar farko ke nan, kuma ba ta zuwa ita kaɗai.

Ban ga laifinku a kan sha'awar ba. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 Dutse ta zama gari na ma'aikata, in an tashi daga ofis sai gari ya yi tsit, matashi kuma jininsa ba ya yin tsit. Da aka buɗe Jami'ar Tarayya a 2011 ɗalibai suka zo daga ko'ina a ƙasar nan, kowa da kiɗan garinsu. Ga masu yi wa ƙasa hidima da ake saukewa a sansanin Fanisau, su ma da nasu salon, daga shaku-shaku zuwa zanku. Sai TikTok ta zo ta ƙarasa aikin. Kafin ku ma an yi. Tambayi kawunanka masu furfura yadda samarin Kano suka dinga jan ƙafa da baya bayan Michael Jackson ya yi wannan takun nasa a talabijin a 1983. Wasunsu yau su ne a sahun gaba a masallaci, kuma ba za su so ka tuna musu ba.

To, tunda kana so, fara da sanin abin da kake so. Wannan rawa tana da asali, tana da ƙa'ida, tana da magabata. Ranar 11 ga Agusta, 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, wani saurayi haifaffen Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya sa kiɗa a wani ɗan biki da ƙanwarsa Cindy ta shirya don ta samu kuɗin sayen tufafin komawa makaranta. Shi ne ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru ganguna kaɗai suke tashi. Sai ya riƙa sa faifai biyu iri ɗaya, in gaɓar ta ƙare a wannan ya ɗauko ta a wancan, ya ja ta ta yi tsawo. A kan wannan gaɓa aka gina rawar birek. Waɗanda suka fara ta 'ya'yan talakawa ne, baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico, a unguwar da talauci da faɗan daba suka yi wa katutu. A can yammacin Amurka kuma, a Kalifoniya, wasu suka fito da salon ƙame gaɓoɓi da na fizgar tsoka, waɗanda ka ga ana yi kamar mutum-mutumi.

Shekara 51 bayan wancan biki, a watan Agustan 2024, aka yi gasar birek a wasannin Olamfik na birnin Paris. Wata 'yar Japan mai suna Ami ta ɗauki zinare a ɓangaren mata, Phil Wizard na Kanada ya ɗauka a na maza, 'yan Maroko ne suka tsaya wa Afirka. Alƙalai ne suke zaune suna auna gwaninta, da yawan salon da mutum ya iya, da yadda yake bin kiɗa, da abin da ya ƙago da kansa. Karawar tasu ta fi kama da dambe: a yi da'ira, mutum biyu su fito fage, kowa ya nuna abin da ya iya, 'yan kallo na zuga, sai dai ba a taɓa juna. Kuma kamar yadda ba wanda yake ɗaure hannu ya shiga fagen dambe don kawai ya kalli Shago ko Ɗandunawa, haka ba a shiga wannan da kallon waya.

Bari in daɗe a kan maganar jiki, don nan ne yara suka fi cutar kansu. Malamin kirki ba zai bar ka ka kifa kai a ƙasa a watan farko ba. Zai fara da ɗumama jiki: ɗan gudu a tsaye, juya wuya a hankali, murza wuyan hannu, miƙe cinya da gadon baya, kamar minti goma zuwa sha biyar kafin a taka komai. Daga nan sai ƙirga. Ɗaya zuwa takwas, ɗaya zuwa takwas, har ƙafarka ta riƙa jin inda ganga za ta faɗi tun kafin ta faɗi. Sai takun tsaye. Sai yadda ake sauka ƙasa ba tare da an dakar da gwiwa ba. Sai aikin ƙafa, wanda ake zagaya hannuwa da taku shida. Za ka gaji da shi, za ka ce ba wannan ka zo koya ba. Shi ka zo koya. Juyi a ka da wulwulawa a kan kafaɗa suna can gaba, bayan wuyanka da damatsanka sun yi ƙwarin ɗaukar nauyinka. Wanda ya ce zai koya maka su a mako guda, wuyanka yake wa ciniki.

Wuyan hannu, gwiwa, kafaɗa da ƙashin wuya, su ne suke biyan bashin gaggawa. Ko ƙwararru ba su tsira ba. A 2024 likitoci a ƙasar Denmark sun ba da rahoton wani mai rawa da ya shafe kusan shekara 19 yana juyi a ka, har wani tudun tsoka ya fito masa a tsakar kai, gashin wurin ya zube, sai da aka yi masa tiyata. Wannan fa mutum ne da ya daɗe a harkar. Ina ga kai da simintin kango? In ka ji zugi a gaɓa wanda bai lafa ba bayan kwana biyu, ko hannu ya riƙa yi maka sanyi ko ya mutu bayan ka bugu a wuya, ba maganar man zafi ba ce. Ka faɗa a gida, a kai ka asibiti a ɗauki hoto. Yaron da iyayensa suka san yana rawa zai iya faɗa. Wanda yake ɓoyewa shi ne yake kwana da targaɗe har ya zama naƙasa.

Ka kuma san garin da kake. A watan Afrilu da Mayu zafin Dutse yakan haura digiri 40. Ba a atisaye da tsakar rana a ɗakin kwano mara taga. Ka yi da sassafe ko da yamma lis, da ruwan sha a gefe. Lokacin hunturu ƙura takan tayar wa masu asma da ciwonsu, a yayyafa ruwa a share kafin a fara. Da azumi ka sassauta, ba wanda zai ƙwace maka rawar kafin salla.

Akwai abin da ya fi karaya muni. Wata rana wani zai miƙo maka ƙwaya ya ce tana kashe gajiya, tana cire kunya, in ka sha ba za ka ji ciwon faɗuwa ba. Gaskiya ya faɗa, ba za ka ji ba, shi ya sa za ka ci gaba da taka gwiwar da ta riga ta lalace. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, a 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hanin bai kwashe taramol daga aljihun samari ba. Duk rukunin da ka ga sai an sha wani abu kafin a fara, ka ɗauki takalminka ka fita, ko sallama kada ka tsaya yi.

Saboda haka in wani ya buɗe wurin koyarwa, a nan Dutse ne, ko a cikin ɗalibai, ko ka ji labarin wani a Kano har kana shirin bin motar Kwanar Huguma, kada kiɗa da fitilu masu launi su ruɗe ka. Je ka zauna ka kalli darasi guda tukuna. Dubi ƙasan, katako ne ko shimfiɗar roba, ko siminti ne aka shafa wa fenti? Dubi malamin, yana gyara wa na baya, ko shi dai burinsa a ga ya iya? Tambaye shi wa ya koya masa, mai sana'ar gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka ji irin waƙoƙin da ake sawa, domin abin da kunne ya sha sau ɗari baki zai maimaita shi, kuma da yawa daga waƙoƙin nan in aka fassara maka su ba za ka iya faɗarsu a gaban mahaifiyarka ba. Ana iya atisaye da kiɗa zalla, asalin rawar ma a kan ganguna aka gina ta. In an kira salla ana kashe kiɗa, ko sai an kai ƙarshe? Ana tashi kafin magariba? Sannan babbar tambaya: in mahaifinka ya ce zai zo ya gani da idonsa, za a ba shi kujera, ko za a fara kame-kame? Wurin da uba ba zai iya shiga ba, ɗa ba shi da abin yi a ciki.

Na san abin da ke ranka: ai Baba ba zai yarda ba. Wataƙila. Amma ka fahimci abin da yake gudu. A ƙasar Hausa kiɗa da rawa sana'a ce ta gado, tana da gidajenta, kuma duk da ana jin daɗin makaɗa ana yi musu kyauta, ba kowane gida ne yake ba su aure ba. Wannan tunani bai mutu ba. In mahaifinka ya ji kalmar rawa, ba Paris yake gani ba, gidan gala yake gani, da yaran da suke kwana a tasha. Yana tuna ranar da za a je nema maka aure a ce a ba mu mako biyu mu yi bincike. Ba ƙiyayya ba ce. Kada ka tare shi da gardama. Ka samu kawu ko yayan da yake jin maganarsa, ku je tare. Ka faɗi wurin, da malamin, da ranakun, da lokacin dawowa. Ka ajiye sakamakon jarrabawarka a gabansa ka ce in ya sauka a hana ni. In duk da haka ya ce a'a, ka haƙura, ka riƙe motsa jikinka, gudu da tsalle da miƙe gaɓoɓi ba wanda zai hana ka su. Shekara nawa ne ya rage ka zama mai ikon kanka? Rawa tana jira. Fushin iyaye kuwa ba a san inda yake tsayawa ba.

Ta fuskar addini ma kada ka yarda wani ya yi maka rufa-rufa, ko ta wane ɓangare. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da Malikiyyar da muke bi, sun tsananta a kan kayan kiɗa. Wasu manya, irin su Ibn Hazm da Imam Ghazali, sun sassauta da sharuɗɗa. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo. Ka kai tambayarka gaban malamin da ka yarda da iliminsa, ka faɗa masa ainihin abin da ake yi a wurin, kada ka rage kada ka ƙara. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne tsiraici, da rungume-rungumen maza da mata, da batsa, da maye, da wasa da salla. Ka kuma tuna a jihar da ake aiki da shari'a kake tun shekarar 2000, kuma Hisbah takan kai samame wuraren shagalin dare. Ko Adam A. Zango, wanda a zamaninsa ba a yi kamarsa a rawa a Kannywood, sai da aka yanke masa wata uku a Kano a 2007 a kan faifan bidiyonsa na Bahaushiya. Kana iya ganin an tsananta masa, mutane da yawa sun ga haka. Amma shi yana da suna da masoya da suka tsaya masa. Kai wa ka ajiye?

Ke kuma 'yata, na san kina jin mu daga bayan labule. Ba zan ce miki jikinki ba ya bukatar motsi ba. Kakanninki sun yi gaɗa a dandali har wata ya faɗi, ku kuwa an tare ku a ɗaki da waya. In za ki koya, ki nemi ajin mata zalla, mace ke koyarwa, ƙofa a rufe, kuma a tara wayoyi a ajiye a bakin ƙofa kafin a fara. A kan wannan sharaɗi na ƙarshe kada ki sassauta wa ko aminiyarki. Duniyar nan ba adalci take yi tsakaninki da ɗan'uwanki ba. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finan Hausa ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon wata waƙar ClassiQ, kuma a kanta yawancin surutun ya sauka. Bidiyon daƙiƙa talatin da aka ɗauka ana wasa yana iya ɓullowa bayan shekara biyar, ana saura mako guda ɗaurin aure.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Liƙin biki ba albashi ba ne, mabiya a TikTok kuma ba sa biyan kuɗin haya. Akwai waɗanda suka mai da rawa sana'a ta gaske. Kaffy ta Legas, wadda ita da rukuninta suka shiga kundin Guinness a 2006 da rawar sama da awa 55, ta kafa kamfani, tana koyarwa, tana tsara rawa ga manyan mawaƙa. Amma abin da ya ɗaga ta ya haɗa da iya lissafi, da karanta yarjejeniya kafin sa hannu, da iya magana da kamfanoni. A aji ake samun waɗannan. Gwiwa kuwa tana da wa'adi.

Saura abu guda da yake damuna da ku. Ka iya takun Bronx, ka iya na Legas, amma in aka ce ka taka rawar garinku sai ka tsaya kana sosa ƙeya. A Birnin Kudu, nan kusa da kai, akwai zanen dabbobi a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, da duwatsun da in aka buga su suke amo kamar ƙararrawa, waɗanda masu bincike suka rubuta labarinsu tun shekarun 1950. Mutanen ƙasar nan sun san kiɗa tun kafin a san za a yi New York. Ka taɓa tsayawa ka kalli 'yan koroso sosai? Da kacau-kacau a ƙafa, kowane taku yana da sautinsa, ga tsalle, ga hawa kafaɗar juna, ga lanƙwasa jiki da zai sa ɗan birek ya riƙe baki. Ka kalli 'yan hoto, yadda mutum zai cilla garma sama ya cafe ta yana kan rawa, ko takai da ake haɗa sanduna a kan ƙa'ida ba a kuskure, ko yadda mahauta suke amsa kalangu da kafaɗa. Duk a nan akwai ƙirga, akwai horo, akwai shekarun koyo a ƙarƙashin wani.

Ranar da za ka shiga da'ira a Abuja ko Legas, za ka tarar da yara ɗari da suka fi ka iya kwaikwayon Amurka, domin sun riga ka farawa kuma suna da wuraren atisaye. Abin da ba su da shi shi ne takun koroso da girgizar kafaɗar kalangu. Su kansu mawaƙan gambarar zamani na Arewa, irin su ClassiQ da DJ AB da B.O.C Madaki, da Hausarsu aka san su. Saboda haka in salla ta zo, ka je Garu wajen hawa, ka bar kallon dawakai na ɗan lokaci ka matsa kusa da makaɗa da 'yan tauri, ka zuba wa ƙafafunsu ido. In kaka ta yi ka bi abokanka na Kiyawa ko Jahun ƙauye ka ga wasan da ake yi bayan an kai amfani gida. Ka tambayi wane ne dattijon da ya fi kowa iyawa a da. Ka sayi goro, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce koyo ka zo, kuma da sanin mahaifinka ka zo. Zai yi maka dariya da farko. In ya ce ka dawo gobe da sassafe, ka riga shi fitowa.